Ƙirgau Tsakanin Aji Uku da Aji Shida

Duk wanda ya saba wucewa ta bakin firamaren da ke bayan tashar motoci ya san wata malama siririya mai tabarau, wadda ba ta barin yaro ya tsallaka filin makaranta shi kaɗai a lokacin darasi. Ko fitsari zai je, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta bi shi da ido har ya dawo. Abokan aikinta na yi mata tsiya, wai ita kaɗai ce ke kiran rajista sau biyu a rana, sannan ta bi benci-benci tana taɓa kawunan yara kamar mai kiwon kaji. Murmushi kawai take yi. Ɗiyar ƙanwata ce, kuma a makarantar nan ta yi karatu lokacin ina mai buga ƙararrawa. Shekara talatin da shida na yi a wannan aiki. Sau ɗaya tak na buga ba a kan lokaci ba, kuma saboda ita ne.

Ubanta tela ne, shagonsa a jikin gidansu. Tun tana rarrafe a gindin keken ɗinki take yini. Da bakinta ya buɗe, ƙirge ne ya riga komai fitowa: maɓallan da ke cikin gwangwani, zarurrukan da ke kan kanta, kwanukan rufin maƙwabta. Shi ya sa muka sa mata Ƙirgau, sunan ya bi ta har makaranta. Tare muke tafiya da safe, tunda ni ke buɗe ƙofa. Ita ta gaya mini daga gida zuwa makaranta taku dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu ne, amma a dawowa yakan ragu da tara ko goma, don yunwa na buɗe wa mutum ƙafa.

Na ba ubanta labari, ya yi dariya har ya saki almakashi.

"Kowa dai ya san ba daga dangin uwa ta ɗauko ba," in ji shi. "Kai da in lissafi ya wuce goma sai ka cire takalmi."

"Da ka iya awo," na ce, "da ƙafar wandon nan nawa ɗaya ba ta girmi ɗaya ba."

Haka muke da shi har ya bar duniya.

Makarantar gini biyu ce. Aji ɗaya zuwa uku a ginin gabas, huɗu zuwa shida a na yamma, ofishin hedimasta kusa da ƙofar shiga. A tsakiya fili ne da bishiya ɗaya, a reshenta aka rataye ƙararrawa, wato tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota, da guntun rodi nake dukansa. Wata doguwar baranda ta haɗa gine-ginen ta baya, a tsakiyarta kuma akwai ɗaki ɗaya da aka rufe shekaru masu yawa kafin a haifi Ƙirgau. Aji biyar ne a da. Silin ɗinsa ya yi ciki bayan wani ruwan sama, aka kwashe yaran aka ce za a gyara, ba a gyara ba. Sai aka riƙa tura karyayyun bencina da tsofaffin rajistoci ciki, aka sa kwaɗo, mukullin na cikin aljihun teburin hedimasta.

Tana aji uku, shekararta takwas, malamarsu ta kai ƙararta ofis. Ba rashin ji ta yi ba. Kafin malama ta gama rubuta tambaya a allo ta ba da amsa, sauran yara har sun daina wahalar da kansu, sai su juya su kalle ta. Hedimastan lokacin dattijo ne mai son yara. Ya gwada ta da littafin aji huɗu, ta cinye, ya kawo na aji biyar, ta cinye. Sai ya aika a kira iyayenta, ni ma aka ce in tsaya tunda kawunta ne.

"Ba zan ɗaga ta gaba ɗaya ba," ya ce. "Rubutunta har yanzu kamar tonon kaza, kuma jiya na gan ta tana kuka a kan fensir. Yarinya ce, a bar ta da sa'o'inta. Amma a lissafi, zalunci ne a zaunar da ita tana haɗa biyu da uku. Darasi ɗaya za ta riƙa zuwa aji shida ta ɗauka, ta dawo ajinsu."

Ƙanwata ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗancan ƙartin ba za su danne ta ba?"

"Wa zai danne ta, ga kawunta da rodi a hannu?"

Aka yi dariya aka tashi. Ba a rubuta komai a takarda ba, da baki aka gama.

Bencinan aji shida sun cika, kuma sun yi mata tsawo, ƙafarta ba ta kai ƙasa. Aka ba ta wata 'yar kujerar katako daga aji ɗaya, ubanta ya ɗinka mata matashi da ragowar ƙyallaye, ja da kore da wani mai ɗigo-ɗigo. Kullum in na buga ƙararrawar darasi na biyu, sai ka ga kujera ta fito daga aji uku da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta, ta bi baranda ta nufi yamma. 'Yan aji shida na hango ta sai su ce, "Ku matsa, kakarmu ta iso." Ba a yi wata guda ba suka koma bin ta da littattafai a ɓoye. Ita kuwa daɗi ya kashe ta. A hanyar gida takan tsuguna ta nuna mini rabawa mai tsawo da tsinke a ƙasa, ni ina gyaɗa kai kamar na gane.

Abu biyu ne ba wanda ya yi tunaninsu, har da ni.

Na farko, a makarantarmu a farkon darasi na biyu ake kiran rajista, saboda yawan masu makara. Dokar kuma ita ce, sai wanda ke zaune a mazauninsa zai amsa suna. Wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ko malam na kallonsa, ba ya amsawa, sifili za a sa masa. To a daidai wannan lokacin Ƙirgau na aji shida, inda babu sunanta tunda baƙuwa ce. A aji uku kuma a kira ta shiru. Da farko yara kan ce, "Tana aji shida, Malama," a sa mata alama. Da tafiya ta yi nisa, malama ta koma tsallake sunan.

Na biyu, lissafin aji uku ƙarfe sha ɗaya ake yi, bayan an dawo hutu. Malamarsu ta ce, "Ke kin riga kin yi naki da safe. In kina nan ba za su yi tunani ba. Ɗauki kujerarki ki je ki huta, in an buga ki dawo." Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma ina yaro zai je na minti arba'in a makarantar da kowa ke cikin aji? Fili rana. Barandar aji uku malama ta ce tana ɗauke wa yara hankali, ta aji shida haka. Wurin da ya rage mai inuwa shi ne bakin rufaffen ɗakin nan. Nan take ajiye kujerarta.

Wanda bai taɓa zama a makaranta da ƙarfe sha ɗaya ba bai san irin shirun ba. Yara ɗari huɗu na kewaye da kai, amma ba ka ganin ko ɗaya. Sai muryoyi can ƙasa-ƙasa ta tagogi, da ƙarar kwanon rufi in rana ta fara gasa shi. Daga gindin bishiya nakan hango ta, ƙafafu a haɗe, littafi a cinya. In ɗaga mata rodi, ta ɗaga mini fensir. Ba na iya zuwa in zauna da ita, don idona na kan ƙofar shiga da agogon ofis.

Da zangon karatu ya ƙare aka yi wa dattijon hedimasta canjin wurin aiki, aka kawo wani matashi mai jan biro a aljihu, wanda bai yarda da komai ba sai abin da ke rubuce. Ya raba sababbin rajistoci ya ce kowane malami ya kwafe sunayen ajinsa. Malamar aji uku ta zo kan sunan da ta yi wata uku tana tsallakewa, layinsa ba alama, ta ce a ranta ai wannan ta zama 'yar aji shida, ta wuce. Malamin aji shida kuwa ya san darasi ɗaya take zuwa, ai 'yar aji uku ce. Daga baya na san haka aka yi. A lokacin abin da na gani kawai shi ne yarinyar ta fara raguwa.

Aka raba sababbin littattafan rubutu da rajista, ba ta samu ba. Ma'aikaciyar jinya ta zo duba idon yara, aka kira su ɗaya-ɗaya, ba a kira ta ba. Mai hoto ya zo, aka jera 'yan aji uku da ƙarfe sha ɗaya, tana bakin ɗakin nan a zaune, ba wanda ya tuna. Ƙawarta da suke benci ɗaya ta ja wata ta zauna a wurinta, tunda rabin safiya ba kowa a wurin. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. In ta shigo aji ido kan bi ta kanta ya wuce, kamar yadda ido ke wuce tsintsiya a lungu.

Wata rana a hanyar gida ta ce, "Kawu, yau kwana goma sha ɗaya ba wanda ya kira sunana na rajista."

"Ni ba ina kiranki ba?"

"Kai Ƙirgau kake cewa."

Washegari na tari malamar aji uku a bakin famfo. Ta ce, "Baba, gobe zan duba." Goben ta zo, ta ce rajista na ofis. Ni mutum ne mai haƙuri, ban iya matsa wa na gaba da ni ba. Na ce bari in ba ta mako. Wannan haƙurin har yau in na tuna shi sai in ji kunya.

A cikin makon ne na lura ta daina ɗaga mini fensir. Ta juya kujerar, ta ba fili baya, ta fuskanci ƙofar ɗakin, kanta a karkace kamar mai sauraron rediyon maƙwabta. Rana ta uku na bar gindin bishiya na je.

"Me kike ji?"

Ta ɗora yatsa a baki. "Ana kiran rajista."

"A aji huɗu?"

"A nan ciki."

Na kalli kwaɗon, ya yi tsatsa har ya canja kala. Na kafa kunne a jikin ƙofa. Ban ji komai ba sai kwano na ƙas-ƙas, da wani sanyi-sanyi mai warin tsohuwar takarda da ke fitowa ta ƙasan ƙofar ya taɓa mini yatsun ƙafa.

"Ba kowa a ciki, Ƙirgau. Bencina ne karyayyu."

"Su talatin da takwas ne," ta ce. "Malamin ba ya sauri. In ya kira suna sai ya jira."

Sai ta fara jero mini sunayen, da na uba, a hankali, yadda malami ke kira. Ina ji ina cewa a raina ƙirƙirar yara ce, har ta zo kan na bakwai. Na san shi. Bakanike ne a bayan kasuwa, da furfura a gemunsa, ranar ma na gaishe shi. Na goma sha biyu wata yarinya ce da zazzaɓi ya ɗauke shekarar da aka rufe ɗakin. Na ashirin direba ne yanzu. Ajin ƙarshe da ya zauna a ɗakin nan ke nan, wasu sun rasu, wasu na nan suna cin abincinsu.

"Wa ya gaya miki waɗannan sunaye?"

"Kullum ana kira, ai dole in riƙe." Sannan ta ce, "Shekaranjiya ya ƙara ɗaya. Na talatin da tara. Sunana ne, Kawu, har da na Baba, bai yi kuskure ko ɗaya ba."

"Kin amsa?"

Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. "Daga waje? Ai ba a amsawa sai mutum na zaune a aji."

Da yamma na je gidansu na faɗa. Ƙanwata ta dafe ƙirji ta ce a cire ta daga lissafin nan, a mayar da ita cikin sa'o'inta, ita dama tun farko hankalinta bai kwanta ba. Ubanta ya ce, "Haba, Yaya, kai ma da girmanka? Yarinyar da ta haddace maɓalli ɗari uku, sunaye ne za su gagare ta? A wani wuri ta gani." Ƙirgau na bakin ƙofa tana ji. Ta fashe da kuka ta riƙe zanen uwarta.

"Inna, kar a cire ni. A can ne kawai ake ba ni abin da ban sani ba."

Aka rabu a kan ubanta zai je ya ga sabon hedimasta in ya gama ɗinkin da ke gabansa. Ni kuma na ce ta riƙa kawo kujerarta gindin bishiya. Ta yi kwana biyu a wurina, a rana ta uku hedimasta ya leƙo ta taga ya ce ba a zama da ɗalibi a bakin ƙofar shiga, ta koma inda malamarta ta ajiye ta. Ta koma. Ɗinkin ubanta bai ƙare ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Na buga ƙararrawar ƙarfe sha ɗaya, na ga kujera ta fito ta nufi baranda kamar kullum. Wani mai kawo alli ya tsayar da ni a ƙofa, muka sauke kwalaye, bai fi minti goma ba. Da na juyo, kujerar na nan, matashin na kai, littafinta da fensir a ajiye a ƙasa, an daidaita su gefe da gefe. Ita babu.

Na leƙa bayan gida, ba ta nan. Na je aji uku.

"Malama, Ƙirgau fa?"

"Tana aji shida mana, Baba."

Na je aji shida. Malamin ya ce, "Tun ƙarfe tara da rabi ta koma ajinsu."

Na wuce ofis, ban ko yi sallama da kyau ba. Na ce ranka ya daɗe yarinya ta ɓace, a ba ni mukullin tsohon aji biyar. Ya ce wace yarinya. Na faɗi sunanta da na ubanta. Ya jawo rajistar aji uku ya bi da jan bironsa daga sama har ƙasa. Ya jawo ta aji shida, haka. Ya duba ta huɗu da ta biyar don kar ya zalunce ni.

"Baba, ba mu da ɗaliba mai wannan suna."

"Wadda ka kora daga gindin bishiya. Mai kujera."

"Na ɗauka jikarka ce ka zo da ita." Ya rufe rajistar. "Ɗakin nan kuwa silin ɗinsa na iya faɗowa, ba zan ba da mukulli ba sai da takarda daga sama. Ka duba gida, wataƙila can ta tafi."

Na fito na tsaya a fili. Ba ta fita ta ƙofa ba, ina wurin. Na kalli agogo ta taga, sha ɗaya da minti goma sha tara. Ta ce mini malamin ba ya sauri, in ya kira suna sai ya jira, kuma ita ce ta ƙarshe. Ni ba mai ilimi ba ne, ban san abin da ke cikin ɗakin nan ba, har gobe ban sani ba. Abu ɗaya na sani a aikina: a makaranta, ko darasin wane ne, ko malami na tsakiyar magana, in ƙararrawa ta buga an tashi.

Na ɗaga rodi na doki ƙarfen nan da iyakar ƙarfina. Na yi ta duka ban tsaya ba, har tsuntsayen bishiyar suka watse, har hannuna ya mutu. Ƙofofi suka buɗe, yara ɗari huɗu suka ɓarko fili da ihu suna murna an tashi da wuri, malamai na binsu suna tambayar ko gobara ce. Na ratsa su na nufi baranda. Na sa rodin a kunnen kwaɗo na murɗa, ƙarfen ya ɓalle da guntun katako.

Ɗakin da haske, rana na shigowa ta ɓarakar silin. An tara bencina a bango har sama, amma guda ɗaya na tsaye da ƙafafunsa a tsakiya, yana fuskantar allo. Tana kai a zaune, bayanta a miƙe, hannunta na dama ya ɗan tashi daga cinya, bakinta a buɗe kaɗan. A ƙurar ƙasa sawun ƙafarta ne kaɗai, ya taso daga tagar baya inda katako ɗaya ya zame, ya zo benci ya tsaya. Bai je wurin teburin malami ba.

"Ƙirgau."

Ba ta juyo ba.

"An tashi," na ce. "Ba ki ji ƙararrawa ba? An tashi."

Sai hannun ya sauka a hankali. Ta juyo, idonta ya daɗe kafin ya same ni.

"Yana kan na talatin da takwas ka buga, Kawu. Saura ni."

Na ɗauke ta. Ban taɓa jin ta da rashin nauyi irin na ranar ba. Zan fita idona ya faɗa kan teburin, wata tsohuwar rajista a buɗe. Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma sunanta na san shi a rubuce, ni na kai takardar shigarta makaranta. Yana can ƙasan shafi, layi na talatin da tara. A gabansa sifili tara a jere, gida na goma ba komai a ciki. Na naɗe rajistar na tura cikin riga.

A baranda hedimasta ya tare ni, malamai a bayansa, yana faɗa yana nuna agogon hannunsa. Na wuce aji uku da ita a kafaɗa, na zaunar da ita a bencinta na da, na ce wa malamarsu, wadda ta biyo mu, "Malama, a kawo rajista a rubuta ta. Yanzu, ina tsaye." Ban taɓa yi wa malami magana da wannan murya ba. Hedimasta ya kalli yarinyar, ya kalli 'yan ajin da suka cika tagogi suna cewa ai 'yar ajinmu ce, ya aika aka ɗauko. Malama ta rubuta, hawaye na ɗiga a shafin. Na ce ta kira.

Ta kira sau ɗaya, shiru. Ta kira na biyu, Ƙirgau ta karkata kai wajen baranda kamar mai jiran wata murya. Ƙawarta ta benci ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Ke, kurma ce? Da ke ake." A kira na uku ta ce, "Ina nan, Malama," da wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, sannan ta kifa kai a benci ta yi ta kuka irin na yara, mai majina, wanda rabon da ta yi irinsa a makaranta tun kukan fensir.

An ba ni takardar gargaɗi a kan ƙararrawa da kwaɗo, na karɓa da hannu biyu. Amma a makon nan hedimasta ya zauna da malaman biyu suka gyara jadawali, aka mayar da lissafin aji uku da na aji shida lokaci ɗaya, aka sa sunanta a rajista biyu, kuma sai ta amsa a ajinsu kafin ta ɗauki kujera. Uwarta ta so a cire ta duk da haka, ubanta ya ce a tambaye ta, ta ce tana so. Ta ci gaba. Da 'yan aji shida suka fita, malaminsu ya riƙa samo mata littattafan sakandare har ta gama. An rushe ɗakin bayan shekara biyu, aka yi wurin wanke hannu a gurbinsa.

Mutane sun zata za ta zama wata babba a wani gari mai nisa. Ta yi karatun koyarwa, ta nemi a dawo da ita makarantar nan, ta nemi aji uku. Ta yi aure, 'ya'yanta huɗu, babban ba ya son lissafi ko kaɗan, abin na ba ta dariya. A shekarun da ta yi tana koyarwa ta ɗaga yara goma sha ɗaya zuwa aji na gaba a darasi ɗaya, wasu a lissafi, wasu a karatu. Ba ta taɓa hana yaro abin da kansa ya kai ba. Amma ba ta sa hannu sai ta ga jadawali da idonta, ta ga sunan a rajista biyu, kuma ita ke riƙe hannun yaron ta kai shi ƙofar ajin, ta tsaya har a kira shi ya amsa.

Sau ɗaya na nuna wa malamar da ta koyar da ita a aji uku tsohuwar rajistar, bayan ta yi ritaya. Ta sa tabarau ta ce rubutun yarinyar ne, wataƙila ta saba shiga ta taga tana wasan makaranta ita kaɗai. Wataƙila haka ne. Ni dai sawu ɗaya na gani a ƙura, kuma rubutun layin nan a miƙe yake, ba tonon kaza ba. Na tambayi Ƙirgau da ta girma, ta ce ba ta tuna ta rubuta ba, ba ta kuma tuna ba ta rubuta ba, ta roƙe ni in bar maganar. Na bari.

Rajistar na cikin akwatina, ƙarƙashin wandon nan mai ƙafa ɗaya doguwa. Wani lokaci da hantsi, in unguwa ta yi shiru yara duk sun tafi makaranta, nakan ciro ta in buɗe shafin in bi layin ƙarshe da yatsa. Sifili tara ne. Gida na goma har yau ba komai a ciki.